Makarantar fasaha ta zo ƙofar gida, amma ɗan talaka na iya zama cikinta har ya gama?

 

Duk shekara idan sakamakon Bak ya fito, gidaje da yawa sai an zauna shawara: yaro ya ci, to ina za shi? Yau ina so mu yi magana a kan wata makaranta da da yawanmu mun san sunanta amma ba mu damu da sanin abin da ake yi cikinta ba, wato IUT ta Maraɗi, makarantar fasaha ta gomnati da ke ƙarƙashin jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Sai dai kafin in taɓa kowa, bari in fara da laifin kaina.

Shekarun baya ɗan wana ya ci Bak. Yaro ne da tun yana firamare ba ya ganin rediyo ko tocila ta mutu ya ƙyale ta, sai ya kwance ya ga abin da ke ciki. Da aka zauna a zaure aka tambaye shi abin da yake so, ya ce karatun lantarki. Wana ya yi shiru, sa'an nan ya juyo gare ni ya ce: "Malam, kai ka yi lakwal, kai ka san hanya. Shekara goma sha ukku muna sayen kaye da bik, yanzu yaron ga ya ce hawan poto za shi yi? In hakanan ne mi ya sa ba mu kai shi garaji ba tun yana ƙarami, munka huta?" Aka yi dariya. Ni da ya kamata in tsaya ma yaron, sai na bi bayan yayana. Na ce mishi ya tafi ya karanta shari'a, gobe ya zama alƙali ko ya samu biro, a riƙa tashi tsaye in ya shigo. Yaro mai ladabi ne, ya ce "to, Baba", ya tafi.

Ya yi karatunshi ya gama, ya yi sarbis sibik, ya zauna konkur har sau uku bai dace ba. Yau kabu-kabu yake yi. Ba na raina kabu-kabu, da shi yake ci da iyalinshi, kuma halal ne. Amma abokinshi da suka ci Bak tare, wanda ubanshi ya bar shi ya bi karatun lantarki, yau shi ke haɗa ma masu garka famfon sola, yana da yara uku da ke aiki ƙarƙashinshi, wani lokaci ma ɗan wan nawa ke kai shi wurin aikin da mashin. Duk ranar da na gan su tare sai in ji kunyar maganar da na yi a zauren nan.

Na ba da wannan labari ne don ku san cewa abin da zan faɗi ba daga littafi na ɗauko shi ba. Kuma daga baya da na zauna da abokin nan nashi, ya buɗe mini ido a kan wani abu: shiga makarantar fasaha wuya ɗaya ce, zama cikinta har a gama wuya goma. A nan maganata ta yau take.

Mu ɗan koma baya tukuna, don matasa su san yadda aka yi makarantar ta zo.

Wanda ya yi karatu a Nijar kafin 2008 ya san cewa jami'ar gomnati guda ce tak, ta Yamai, wadda aka fara a 1971, daga baya aka sa mata sunan Abdu Mumuni. Ɗan Maraɗi sai ya yi tafiyar sama da kilomita 600, ɗan Damagaram kusan 900, kafin ya zauna aji. Wanda ba shi da ɗan'uwa a Yamai, ba shi da mai aiko mishi, sau da yawa karatun nan ya tsaya ke nan. Alhali ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa jahohin Damagaram, Maraɗi da Tawa kowace ta haura mutum miliyan 3, cikin miliyan 17 na ƙasar baki ɗaya. Wato fiye da rabin ƴan Nijar a jahohin nan uku suke, amma babbar makaranta na can nesa da su.

A 2008 aka buɗe makarantun IUT guda uku, ɗaya a Maraɗi, ɗaya a Tawa, ɗaya a Damagaram, a lokacin suna ƙarƙashin jami'ar Yamai. Aka raba musu aiki. Tawa ta ɗauki fannin tafiyar da kamfanoni da kasuwanci. Damagaram ta ɗauki irin su tsara birane da ƙasa da aikin sakatariya. Maraɗi kuma aka ba ta aikin ƙarfe da wuta da siminti: gine-gine, lantarki da injuna. A 2010, lokacin riƙon ƙwarya na Salu Jibo, aka ƙirƙiro jami'o'in jahohin uku, makarantun IUT suka koma cikinsu. Ku lura da wannan: jami'o'in da muke alfahari da su yau, ta Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi, ta Jibo Hamani a Tawa, ta Andire Salifu a Damagaram, duka daga ƙaramar makarantar fasaha suka tsiro. Ita ce uwa, ko da yake yau ta zama kamar ƙaramin ɗaki a cikin babban gida.

Kuma ba banza aka ba Maraɗi wannan fanni ba. Garin ya daɗe da lisen fasaha ta Ɗan Kasawa, mai ɗauke da sunan sarkin Katsina da ya kafa sarautar Maraɗi. Shekara da shekaru daga ko'ina cikin ƙasa ake turo mata ɗalibai, kuma da yawa cikin dattawan ma'aikatan lantarki, na gine-gine da na lissafin kuɗi da kuke gani, can suka fito.

To mi ake koyo? Tsarin IUT daga Faransa aka ɗauko shi, inda aka fara shi a 1966. Manufarshi a fitar da ma'aikaci na tsakiya, wanda ke tsakanin injiniya da lebura. Injiniya ya zana, shi kuma wannan ya karanta zanen, ya auna, ya tsaya a kan aikin har ya tashi daidai. Shekara biyu bayan Bak ana samun takardar DUT, wanda ya ƙara shekara guda ya samu lasisin ƙwarewa. Mai karatun gine-gine yana koyon awon fili, lissafin ƙarfen da dakali ko gada za su ɗauka, da yawan siminti, yashi da tsakuwa da za a haɗa don kankare ya riƙe. Mai lantarki yana koyon jan waya a gida da masana'anta, injinan da ke aiki da wuta, taransifoma, da lissafin abin da kowane layi zai iya ɗauka ba tare da gobara ba. Mai injuna yana koyon zane, sassaƙa ƙarfe, walda da gyaran manyan injuna kafin su mutu.

Hanyar zuwa can ma ba guda ba ce, kuma iyaye da yawa ba su san haka ba. Akwai CFM, cibiyoyin koyon sana'a na komin-komin, masu karɓar yaran da lakwal ta zubar ko waɗanda ba su taɓa shiga ba. Akwai CET, kwalejojin fasaha da yaro ke shiga bayan ya gama firamare. Wanda ya ci birbe yana iya zuwa lisen fasaha ya yi Bak na fasaha, irin su F na injuna, lantarki da gini, ko G na lissafin kuɗi da kasuwanci. Wanda ya yi Bak na kimiyya a lise ta yau da kullum shi ma ƙofar IUT a buɗe take gare shi in takardunshi sun yi kyau. Matakala ce da aka gina tun daga ƙauye har jami'a. Abin takaici, a idon yawancinmu matakalar nan ta waɗanda suka kasa ce. Mai ƙoƙari a tura shi likitanci ko shari'a, wanda ya rage a ce "je ka koyi sana'a". Ni ma haka na ɗauka, kun ji abin da ya jawo.

Yanzu mu zo kan maganar yawan ɗalibai. Duk lokacin da aka ce makaranta ta ƙara ɗaukar yara, muna tafi, kuma da gaskiyarmu, tun da kusan rabin ƴan ƙasar nan ba su kai shekara 15 ba, duk shekara masu Bak ƙaruwa suke. Amma makarantar fasaha lissafinta daban ne. A ajin shari'a ko tarihi, malami guda da makirfo na iya karantar da mutum ɗari biyar, wanda ke baya ya ji abin da na gaba ya ji. A atiliye ba haka ba ne. A ce injin sassaƙa ƙarfe guda ne, ɗalibai huɗu ke kanshi: cikin awa biyu kowa zai riƙe, ya yi kuskure, malam ya gyara mishi. In suka zama ashirin a kan injin nan, mutum biyu za su taɓa, sauran su leƙa ta bayan kafaɗa, su rubuta a kaye cewa sun yi. Ranar da aka ba su takarda, duka ashirin ɗin takarda iri ɗaya ce. Ranar da aka ba su aiki ne ake gane wanda ya taɓa da wanda ya leƙa.

Ga kuma kayan da aikin ke cinyewa. Alli da allo ba su da tsada. Amma waya in an yanke ta ta yanku, sandar walda in ta ƙone ta ƙone, siminti in an kwaɓa shi ba ya komawa buhu. Duk ɗalibin da aka ƙara, an ƙara waya, ƙarfe, siminti, mai da kuɗin wuta. Don haka in za a faɗi mana cewa an ɗauki yara kaza bana, mu tambaya a wurin: injuna nawa aka ƙaro, malaman atiliye nawa, kuɗin kayan aiki nawa aka ware? In babu amsa, to ba ɗalibai aka ƙara ba, ƴan kallo aka ƙara.

Sai babbar maganar, wato kuɗin tallafin karatu, wanda ɗalibai ke ce ma burs.

Ga waɗanda ba su san tsarin ba: hukumar ANAB ce ke kula da burs da sauran kuɗaɗen tallafi na ɗalibai. Yaro ya ci Bak, ya haɗa takardunshi ya miƙa, a duba makin da ya samu da shekarunshi. Wanda ya dace ana biyanshi kashi-kashi, wata uku-uku. Wanda bai dace ba yana iya neman taimakon da ake ce ma ed sosiyal, wanda bai kai burs ba. Ban da wannan akwai CROU, mai kula da ɗakunan kwana, gidan abinci, motar ɗalibai da lafiyarsu. A takarda tsarin ya yi kyau, kuma mu faɗi gaskiya, ƙasa matalauciya da ke biyan ɗalibanta kuɗi don su yi karatu ta yi abin a yaba mata. Da yawa cikin manyan ƙasar nan da burs suka yi karatu, in ba don shi ba da suna gona.

Amma kowa a ƙasar nan ya san waƙar da ake yi duk shekara. Bashin burs na cikin abubuwan da suka fi fitar da ɗalibai kan titi tun zamanin da, kuma da wuya ka ji jerin koke-koken ƙungiyar USN babu shi a ciki. Gomnatoci sun zo sun wuce, na farar hula da na soja, maganar ba ta mutu ba. Abin da ban taɓa jin an tsaya an bambance ba shi ne cewa jinkirin nan ba ya cutar da ɗalibai daidai wa daida. Ɗalibin fasaha ya fi kowa jin jiki, kuma ga dalili.

Ɗalibin da karatunshi na littafi ne, in aljihu ya bushe yana iya komawa ƙauye sati uku, ya taya girbi, ya samo ɗan hatsi da ƴan kuɗi ya dawo. Abokai sun turo mishi darussa ta WhatsApp, ya yi fotokofi, ya kwana biyu bai yi barci ba, ya shiga jarrabawa. Da wahala, amma ana yi. Ɗalibin IUT ba shi da wannan mafita. Zuwa aji dole ne, ana kiran suna, ana yin gwaji a kai a kai cikin shekara, kuma aikin atiliye, wanda suke ce ma TP, ba a aiko shi ta waya. Ranar da aka koya haɗa injin mai layi uku, in ba ka nan, ta wuce ka. Ba kayen da za ka ara ya sa hannunka ya iya. Kuma tun da jadawalinshi cike yake daga safe har marece, ba shi da lokacin da zai ɗan yi kabu-kabu ko tsaron shago ya samu na abinci kamar sauran.

Ƙari a kan haka, karatun nashi na da kayan saye tun satin farko: rigar aiki, takalmin kariya, kayan zane, na'urar lissafi mai kyau, mitar awon wuta ga mai lantarki, ga kuma kwamfuta, don zanen gini da na injuna yau a kanta ake yi. Duk waɗannan a farkon shekara ake buƙatarsu, daidai lokacin da sabon ɗalibi ke jiran a fitar da sunayen waɗanda suka samu burs. Ɗan mai hali ubanshi ya saya mishi. Ɗan manomi daga Dakoro, Mayayi ko Gidan Runji sai ya jira, ko a sayar da akuyar uwarshi.

Sai kuma sitaj, wato zaman koyon aiki a kamfani, wanda sai da shi karatun ke cika. Ina kamfanonin suke? Siminti na Malbaza, matatar mai na Damagaram, gawayi na Anu Araran can Agadas, ma'adinai na Arlit, manyan kamfanonin gini na Yamai. Yaro sai ya biya mota, ya nemi wurin kwana, ya ci abinci wata biyu ko uku a garin da bai san kowa ba. Wanda ba shi da hali sai ya nemi wani ɗan shago a unguwa ya buga mishi hatimi a takarda, a ce ya yi sitaj. An rufa asiri, amma an cuci yaron, an cuci wanda zai ba shi aiki gobe.

Kun ga ke nan makarantar da aka kawo kusa don ɗan talaka, in ba a yi hattara ba sai ta koma ta masu hali, ba tare da kowa ya kore shi ba. Yunwa da haya ne za su tace ɗaliban a hankali.

Na san abin da wasu za su ce, don an sha faɗa mini: "Malam, su ma masu DUT ɗin ai ga su nan zaune, wace masana'anta gare mu?" Maganar na da ƙamshin gaskiya. Maraɗin da dattawa ke ba mu labari, ta zamanin gyaɗa, mai masana'antar mai da ta jimar fatun jar akuya, ba ita ce ta yau ba. Mun koma gari mai saye da sayarwa, kaya su shigo daga waje su wuce Najeriya. Kuma gaskiya ne takardar DUT ba ta ba kowa aiki kai tsaye.

Amma mu tuna watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, alhali a lokacin wajen kashi 70 cikin 100 na wutar da muke sha daga can take zuwa. Mi ya faru? Duk mai ɗan hali ya ruga sayen fanon sola da batir. Su wa suka haɗa? Inda aka samu wanda ya san lissafi, kayan na nan suna aiki har yau. Inda aka samu ɗan "na iya", batir na jikka ɗaruruwa ya mutu cikin ƴan watanni, don an ɗora mishi firji da fanka da famfo ba a auna ba. Aikin na nan, gwanin ne ya yi ƙaranci. Kuma abin ya fi ciwo in muka tuna cewa Abdu Mumuni, wanda babbar jami'armu ke ɗauke da sunanshi, haifaffen Tasawa ne, kuma tun shekarun 1960 yake aiki a kan makamashin rana a ƙasar nan, lokacin da duniya ba ta damu da shi ba.

Ku duba matatar SORAZ da aka buɗe a 2011, mai tace ganga 20,000 a rana. Ku duba bututun mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar teku a Benin. Ku duba layin dogo na Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya, mai kilomita 284, da aka ɗora tubalinshi a 2021. Ku duba foraj-foraj na ƙauyuka da ke tsaye don wani ɗan ƙarfe ya lalace, da injinan ban ruwa na Jiratawa da sauran fadamu, da na'urorin asibitoci. Duk waɗannan hannu suke so, hannun da ya san lissafi. In ba mu horar da namu ba, za a kawo na wasu, a biya su da kuɗinmu, mu kuma mu tsaya gadi a bakin ƙofa. Muna ta maganar ƴancin kai da cin gashin kai. Ƙasar da ba ta iya gyara taransifomarta sai ta jira baƙo, ƴancinta da saura.

Kuma kada a fahimce ni ba daidai ba, ba na rage darajar masu garaji, masu walda da maginanmu da suka koya a hannun ubangida. Su ke riƙe da garuruwanmu, kuma akwai wanda bai taɓa shiga aji ba amma da kunne yake gane ciwon inji. Sai dai motocin yau da kwamfuta ake bincikarsu, bene mai hawa uku kuma ba a gina shi da "haka muka saba". Ɗan makaranta na buƙatar hannun ubangida, ubangida na buƙatar lissafin ɗan makaranta. Asusun FAFPA, wanda ake ciyarwa da harajin koyon sana'a da kamfanoni ke biya, don irin wannan haɗin aka yi shi, ya kamata masu sana'a su san da shi su nemi haƙƙinsu.

To mi za a yi? Ni dai ga abin da nake gani.

Ga mahukunta: a sa ranar biyan burs ta zama sananniya kamar ranar albashi, a kuma biya kashin farko a watan da aka koma makaranta, ko da sauran za su jinkirta. Ɗalibin fasaha a ware mishi kuɗin kayan aiki sau ɗaya a farkon karatu, da kuɗin sitaj a ƙarshe. A ɗakunan kwana da gidan abinci a fara duba waɗanda jadawalinsu bai bar su su nemi na kansu ba. Duk kamfanin da ya ci kwangilar gomnati a jaha, hanya ce ko aji ko asibiti, a rubuta mishi cikin yarjejeniya cewa zai ɗauki ɗalibai sitaj ya ciyar da su. Kuma kowace shekara makarantun su fito da alƙaluma a fili: nawa suka shiga, nawa suka gama, nawa suka bari a hanya, ina waɗanda suka gama suke. Da wannan ne iyaye za su yi shawara da ido buɗe.

Ga alhazanmu na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Ƙonni: Allah Ya saka da alheri, kun gina masallatai, kun haƙa rijiyoyi, kuna raba hatsi da azumi. Ku ƙara da wannan. Ɗaukar nauyin ɗalibi guda na shekara biyu, haya da abinci da kayan aiki, bai kai kuɗin tayun babbar mota guda ba. Manyan motocinku, injinan niƙanku da gidajen ƙanƙararku su ne za su fara cin moriyar yaron. Wanda ba zai ba da kuɗi ba ya buɗe ƙofar kamfaninshi ga masu sitaj, ya bar su su taɓa inji, kada a mayar da su masu dafa shayi.

Ga iyaye: ku shirya takardu tun da wuri. Takardar haihuwa da ta zama ɗan ƙasa sun hana yara da yawa miƙa dosiye cikin lokaci, musamman na ƙauye. Ku je makarantar da ƙafarku ku tambaya, ba a biyan kuɗin tambaya. Kuma kada a ce wannan karatun maza ne. Awon fili, zanen gini da lissafin wuta ba ƙarfin damtse suke so ba, kai suke so, ɗiyanmu mata kuwa na da shi. Gidajen rediyonmu su ma su taimaka, su gayyato malaman makarantun nan su yi bayani da Hausa kafin lokacin rajista, don uban da ke Madarunfa ko Matamai ya ji da kunnenshi.

Ga ɗalibai kuma: neman haƙƙi haƙƙinku ne, amma duk ranar da rai ya ɓaci, a bar atiliye lafiya. Tagar da aka fasa ana iya sa wata gobe. Injin da aka lalata yana iya shekara biyar ba a ga madadinshi ba, kuma ƙannenku ne za su zo su tarar da kango.

Ɗan wana da na ba ku labari, kwanan baya ya zo gaishe ni. Muna hira ya ce mini yana tara kuɗi, kuma da marece yana bin abokin nan nashi wurin aiki yana koyon haɗa sola. Ya ce: "Baba, abin da na so tun farko ne, na dai biyo ta doguwar hanya." Bai faɗa da zafi ba, dariya ma yake, amma ni na san shekarun da na ci mishi. Ƙanwarshi na aji na ƙarshe a lise bana, kuma ta ce gine-gine take so. Na riga na gaya ma wana cewa wannan karon ni zan kai ta rajista da kaina, kuma kayan zanenta a wuyana.

Ku da kuka yi IUT, lisen fasaha, CET ko CFM, ko kuke da ɗiya a can, ku faɗa mana yadda kuka yi da haya, abinci da sitaj, don na baya su ƙaru. Allah Ya yi ma ɗiyanmu albarka, Ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya. Sai wani jiƙon.